Inbata na kuka, mita na nuna 12.5: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ina da bas ƙirar Hiace da na cire wa kujeru, ina sayar da zoɓo da kunun aya da ruwan leda tsakanin Agege da Mile 12 a Legas, ina kuma yi wa mutane cajin waya. Na sa ƙaramar firiza, da inbata 1kVA mai 12V, da batir ɗaya 200Ah, da fanel biyu na sola masu 150W kowanne a saman motar. Da farko wutar tana kai ni asuba. Yanzu kuwa ƙarfe tara na dare ba ta yi, da firiza ta tashi sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Na auna batirin, 12.5 yake nunawa. Da ina jona shi da wutar gida duk sanda aka kawo, amma wata huɗu ke nan da na sauya wurin ajiye mota, babu inda zan jona. Wani ya ce inbatar ce ta ƙone, wani ya ce in sayi sabon batir. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa neman albarka.

Malam, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Kuɗin da za ka zuba a batir 200Ah cinikin makonni ne, kuma idan ba a gano abin da ya jawo wannan hali ba, sabon ma wata shida ba zai yi ba zai bi sahun tsohon. Inbatar da ta ƙone ba ta kunnuwa ta yi aiki har tara na dare sannan ta yi ƙara. Wannan ƙarar da kake ji aikinta take yi. Ita inbata na'ura ce mai juya wutar batir ta koma irin ta gida. An ƙera ta ne idan wutar da ke shigo mata ta faɗi zuwa wajen bolt 10.5, wasu 11, ta yi kuka, idan ta ƙara faɗuwa ta kashe kanta don kada ta tatse batir ƙaf. Saboda haka abin nema shi ne me ya sa wutar take faɗuwa daidai lokacin da firiza ta tashi.

Wannan 12.5 da ka gani ba ƙarya mita ta yi maka ba, amma ba ta gaya maka komai ba. Batir da babu kaya a kansa kamar ɗan dako ne zaune a inuwa a Mile 12: ba ka sanin ƙarfinsa sai an ɗora masa buhun albasa. Batirin dalma mai 12V ɗakuna shida ne a ciki, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1. Idan ya cika aka bar shi ya huta, zai nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan ya kai rabi, wajen 12.1 ko 12.2. Amma batirin da ya gaji ma yana iya nuna 12.5, musamman idan bai daɗe da sauka daga caji ba, ko kuma da rana ka auna fanel na tura masa wuta. A wannan hali wutar fanel ka auna. Ana ɗora masa nauyi sai ka ga lambar ta rufta.

Ga gwajin da nake so ka yi, kuma ka yi shi da magariba bayan rana ta faɗi. Ka nemi mutum ɗaya ya taimaka maka. Ka kashe firizar ta huta minti biyar zuwa goma, domin injinta idan an kashe an sake kunnawa nan take iskar cikinsa ba ta lafa ba, yana jan wuta fiye da ƙima, zai ɓata mana lissafi. Ka sa mitar a ɓangaren DC, ka ɗora bakinta biyu a kan dalmar batirin kanta, ba a kan notin ko maƙalar waya ba. Idonka na kan mita, shi kuma ya kunna firiza. Ka riƙe lambar da ta fi ƙanƙanta da ka gani. Ku sake hutar da firizar, ku maimaita, amma wannan karon mitar tana bayan inbata, daidai inda wayoyin batir suka shiga.

Lambobin nan biyu su za su raba gardama. Idan a kan batirin ma wutar ta zube daga 12.5 zuwa 10 da wani abu, batirin ne ba shi da ƙarfi, ko dai ba ya samun cikakken caji ko kuma ya riga ya tafi. Idan kuwa batirin ya tsaya a kusan 12 amma bayan inbata ka ga 10.6, to wuta tana ɓacewa a hanya, waya ce ko mahaɗa. Idan duka biyun sun tsaya sama da 11.5 kuma inbatar ta ɗauke, sai mu duba ko nauyi take kuka da shi ko zafi, domin kusan kowace inbata tana da fitila ko lamba daban ta ƙarancin batir, da ta nauyin da ya fi ƙarfinta, da ta zafi. Ka duba wacce ke kamawa kafin ta mutu.

Bari in tsaya a kan waya, don nan ne na fi ganin ɓarna a motoci, kuma nan ne gyara ya fi araha. Mutane suna auna wayar batir da idon wayar gida. A wutar gida mai 230V, kaya mai cin wat 600 amfiya uku ma ba ya kaiwa, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. A ɓangaren batir mai 12V kuwa, wannan wat 600 ɗin amfiya 50 ne, idan ka ƙara abin da inbata ke ci wajen juya wutar ya doshi 60. Firizarka tana iya zama mai cin wat 120 kawai idan tana tafiya, amma a daƙiƙar da injinta ke tashi tana fizgar ninkin haka sau biyar ko fiye. Wannan fizgar ita ce take kayar da kai. Yanzu mu ɗauka rewaya ya sa maka waya mai kauri 6mm, batir yana bayan mota inbata tana kusa da direba, tsakaninsu mita uku. Wuta zuwa take yi ta dawo, mita shida ke nan. A amfiya 60, irin wannan waya ita kaɗai tana cinye kusan bolt ɗaya. Batirin ya ɗan duƙa zuwa 11.8, waya ta ci ɗaya, kan batir mai datti ya ci rabi, abin da ya isa inbata 10.3. Dole ta yi kuka, alhali batirin lafiyarsa ƙalau.

Maganin nan shi ne a matso da inbata kusa da batir, tsakaninsu kada ya wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a sa waya 25mm, ko 16mm idan tazarar gajeriya ce sosai. Wayar 230V ita ake ja da tsawo zuwa wurin firiza, ita ba ta damu da nisa ba. Kuma in za ka saya, ka sa a yanka maka bakinta ka kankare da wuƙa. Akwai wayar da waje ja ne kamar jan ƙarfe, ciki fari ne na alminiyam, kuma a hannu za ka ji ba ta da nauyi. Irinta ba ta ɗaukar ko kashi biyu cikin uku na abin da ta jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka, ga saurin rubewa a iskar Legas.

Wani direban tirela ya taɓa zuwa shagona daga layin Apapa da inbata a ƙarƙashin hammata, ta uku ke nan da ya saya cikin shekara guda. Fanka da caji kawai yake yi da ita, sai ɗan ƙaramin firij. Na jona ta a teburina, ta yi aiki ras. Na ce mu je in ga motar. Muna ɗaga murfin sai ga irin maƙalar nan mai bakin kada da ake tayar da mota da ita, an cije kan batir da ita, kewaye da wani gari fari da kore kamar an barbaɗa toka. Na ce ya kunna firij ɗin minti biyu, sannan na kama hannunsa na kai kusa da maƙalar. Ya fizge da sauri, zafi. Duk wutar da yake nema a nan take ƙonewa. Muka wanke da ruwan zafi, muka goge da buroshin ƙarfe har dalma ta yi haske, muka sa maƙala ta noti, muka shafa ɗan giris. Har yau ina jin takaicin inbata biyun da ya yar, domin na tabbata lafiyarsu lau. Kai ma ka yi wannan gwajin na hannu: bayan firiza ta yi aiki 'yan mintuna, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya kana taɓa robar wayar kusa da su. Duk inda ka ji ɗumi, nan ɓarawon yake. Abin da ke gida a kafe yake, na mota kuwa kullum cikin jijjiga, ramukan hanya suna kwance noti, laima da iskar gishiri ta bakin teku suna cin ƙarfe. Duk wata ka bi notunan da sifana.

Amma in gaya maka gaskiya, abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayarka shi ne maganar da ka faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba, cewa wata huɗu ke nan ba ka jona wutar gida. Ruwa ba ya tsami banza. Mu yi lissafi tare. Mu ɗauka firizar tana cin wat 120, kuma a cikin mota mai zafi, ana buɗewa ana rufewa, ana zuba zoɓo mai ɗumi, injinta yana tafiya awa 12 a yini da kwana. Wannan wat-awa 1,440 ke nan, wato wat 120 sau awa 12. Wayoyi 20 a rana, mu ce 300. Fitilu da fanka, 200. Inbatar kanta, ko babu komai a jikinta, muddin tana kunne tana shan kusan amfiya ɗaya, wanda a awa 24 ya kusa 300. Idan ka haɗa ka ƙara asarar juya wuta, kana neman wajen 2,500 kowace rana. Fanel ɗinka biyu wat 300 ne a rubuce. Legas ba Sakkwato ba ce, rana mai ƙarfin gaske wajen awa huɗu ake lissafawa a yini, a Yuni da Yuli da hadari ke rufe sama ma ba ta kaiwa. Ka cire asarar zafi da ƙura da ta kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir, abin da zai shiga batir bai fi 800 zuwa 900 ba, shi ma idan ba a ƙarƙashin gada ko inuwar bene ka faka ba. Inuwar katako ɗaya ko igiyar da aka ɗaure kaya da ita idan ta ratsa fanel tana iya zubar da kaso mai yawa na abin da yake bayarwa.

Ka ga ke nan kullum kana ɗiba fiye da abin da kake zubawa. Da can wutar gida ce take cike giɓin ba ka sani ba. Batir 200Ah a 12V jimillar wat-awa 2,400 ne, kuma na dalma ba a son a riƙa cin fiye da rabinsa, wato 1,200. Idan ya daɗe yana kwana ba cike ba, wani farin abu yana taruwa a kan farantan cikinsa. Muddin ana cika shi a kan lokaci abin yana narkewa ya koma, amma idan aka bar shi makonni sai ya daskare, wurin ajiye wuta ya yi ta raguwa. A ƙarshe sai ka ga batir yana cika cikin awa ɗaya, ka yi murna, ya kuma ƙare cikin awa ɗaya. Saurin cika alamar ciwo ce. Ga kuma zafi: batirin dalma an auna shi ne a digiri 25, duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana raba tsawon rayuwarsa biyu, kuma kai ka san yadda cikin bas yake da azahar a rufe.

To yaya za ka san ko naka yana da sauran rai? Ka sauke shi ka kai inda za a yi masa caji na gaske da caja mai ba da amfiya 15 zuwa 20, har ya hau wajen 14.4 ya zauna a nan awanni, ba a cire shi da zarar lamba ta taɓa ba. Idan mai ruwa ne, kafin nan ka buɗe murafun ka tabbata ruwa ya rufe farantan, ka ƙara ruwan batir zalla. Kada ka zuba ruwan leda ko na rijiya, kuma kada ka yarda wani ya ce a zubar da ruwan a ɗura sabon asid. Wannan yana tayar da lamba kwana biyu ne, ya kuma gaggauta mutuwar. Bayan caji a bar shi ya kwana babu komai a jikinsa. Idan da safe ka tarar da shi wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, babu gyara. Idan ya tsaya 12.6 ko kusa, sai gwaji na biyu: ka samu ƙwan fitilar gaban mota guda biyu masu wat 55, ka jona su, tare suna jan kusan amfiya tara. Batir 200Ah mai lafiya zai riƙe su awa goma, ka cire ya huta ya nuna 12.1 ko fiye. Idan cikin awa biyu ko uku ya gangara zuwa 11, to sunan 200 ne kawai ya rage a jikinsa. Masu gyaran batir suna da wani bututun gilashi mai roba a kai da ake zuƙo ruwan kowane ɗaki a auna kaurinsa. Idan ɗaki ɗaya ya yi wa 'yan uwansa nisa, shi ne mai laifin.

Ka kuma duba mini wane irin batir aka ba ka. Batirin tayar da mota, ko da na tirela ne, farantansa sirara ne, an yi shi don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu altaneta, wato na'urar da ke caji idan inji na tafiya, ta mayar masa. Idan ana tatsarsa kowane dare, watanni kaɗan zai yi. Na inbata daban ne, farantansa masu kauri. Kuma dalma ba ta ɓoye nauyinta: 200Ah na gaske kilo 55 zuwa 65 yake yi, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da daɗi. Idan kai kaɗai kana sungumar naka cikin sauƙi, akwai magana. Araha ba ta ado.

Kada mu manta da firizar kanta. Ka jona ta da janareta ko wutar maƙwabci ka saurara. Idan injin yana yin gunji ya yi ƙas ya tsaya, bayan minti biyu ya sake, to ɗan abin da ke tayar da shi ne ya lalace, mai gyaran firij zai canza maka da kuɗi kaɗan. Sannan 1kVA ba wat 1,000 ba ne, wajen 800 ne a yawancinsu. Akwai kuma ƙananan inbatoci masu araha da wutarsu ba ta fita sumul irin ta gida. Caji da fitila ba su damu ba, amma fanka za ka ji tana gurnani, injin firiza yana zafi yana wahalar tashi. Idan ranar canza inbata ta zo, ka nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta.

Yaushe inbata take zama mai laifi? Idan ka auna bayanta ka ga 12.4 ko fiye amma ko fitila ba ta kawowa, ko tana ƙone fiyus da zarar an jona, ko kana jin ƙaurin ƙonewa, ko fankarta ba ta juyawa sai ta ɗauke bayan ta yi zafi. Sau da yawa idan na buɗe ta mota mai sayar da abin zaƙi, kyankyasai nake tararwa sun yi gida a kan allon, ko ruwan ƙanƙara ya ɗiga ciki. Juya waya, ja a wurin baƙa, ko na ƙiftawar ido ne yana iya kashe ta. Kada ka buɗe da kanka, akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an kashe.

Abin da nake zato a motarka, batirin ya sha yunwa wata huɗu, waya kuma tana ƙara masa. Idan gwaji ya nuna yana da sauran ƙarfi, gyaran shi ne a nemo masa abinci. Motarka tana yawo kullum, altaneta tana ba da 13.8 zuwa 14.4, kuma ba ka amfana da ita. A jawo waya mai kauri daga batirin mota zuwa na baya, da fiyus a kowane ƙarshe, da rile mai haɗa su idan inji na tafiya ya raba su idan an kashe, don kada ka wayi gari mota ta ƙi tashi. Ka sani dai a goslo inji yana sululu, abin da altaneta ke bayarwa kaɗan ne. Ka riƙa goge fanel kowace safiya, musamman da hunturu. Idan kwantirolarka irin wadda aka rubuta wa PWM ce, wadda aka rubuta wa MPPT ta fi ta tatso wuta daga fanel ɗaya, kuma duk sanda za a jona kwantirola batir ake fara sa mata kafin fanel. Sau ɗaya a mako ka nemi inda za ka biya a cika batirin tam. Ka riƙa sanyaya kaya da rana lokacin da fanel ke aiki, ka daskarar da wasu ledojin ruwa a ƙasan firiza su riƙe sanyi, da daddare ka kashe inbata gaba ɗaya idan ka tashi daga kasuwa. Wayoyi ma caja irin ta mota mai 12V za ta yi musu, ba sai an bi ta inbata ba.

Idan kuma batirin ya tafi, kada ka haɗa sabo da tsohon, tsohon zai janyo sabon ƙasa. Mai hali ya duba na litiyam irin LiFePO4: ya fi sauƙin nauyi, ana iya cin kaso mafi yawa na cikinsa, kuma zama ba cike ba ba ya cutar da shi. Amma shi lambarsa tana zama tsakanin 13 da 13.3 kusan har ya ƙare, mita ba za ta gaya maka saura nawa ba, kuma idan ya ga abin da ba ya so allon cikinsa yana yanke wuta ɗif ka zaci ya mutu. Ba a jona shi da altaneta kai tsaye sai da caja ta musamman, in ba haka ba altaneta ce za ta iya ƙonewa.

Ina roƙonka don Allah, kafin ka taɓa komai ka cire zobe da agogo, ka naɗe hannun sifana da tef, ka fara cire baƙar waya. Batir irin naka idan sifana ta haɗa kawunansa biyu ƙarfe yake narkarwa. A sa fiyus mai ɗaukar wajen amfiya 100 a kan jar waya, tazarar taƙi ɗaya daga batir, domin ranar da roba ta goge a jikin ƙarfen mota shi kaɗai zai hana gobara. A ɗaure batirin kada ya riƙa zamewa. Mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka a bar masa kafar iska, kada a kunna sigari ko ashana kusa, kuma idan kai ko yaronka kuna kwana a cikin motar kada ku rufe gilasai ruf.

Ka yi gwajin magaribar nan ka aiko mini da lambobi uku: abin da batir ya nuna kafin a kunna firiza, mafi ƙanƙantar da ya nuna da ta tashi, da mafi ƙanƙantar da ka gani a bayan inbata. Ka haɗa da kaurin wayar da tsawonta, da hoton takardar da ke manne a bayan firizar.